Gwarzon Likitan Ɗaki na Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, a watana na biyu da kama aiki a wani asibiti mai zaman kansa da ke wajen Fadaman Mada a garin Bauchi. Shekaru sun shuɗe, amma ko yanzu da nake ba ku labarin sai da gumi ya tsatsafo min a goshi.

Kafin in zo asibitin, ma'aikacin ofis ne ni a wani kamfanin sayar da taki da irin shuka, inda na shekara shida ina fama da direbobi. Daga baya na yi wani kwas na wata uku kan kula da ma'aikata, aka ba ni takardar shaida mai ruwan zinare a gefe, na kuma sayi laftof 'yar gwanjo. Shi ke nan sai na fara jin kaina. Kullum da safe in na hau Keke Napep daga Gwallameji, sai in ɗora jakar a kan cinya in rungume ta yadda kowa zai gane ba kayan cefane ba ne a ciki.

Mai asibitin wani dattijon likita ne, kowa Baffa yake ce masa, har marasa lafiya. A makona na farko ya kira ni ofishinsa.

"Malam, likitoci suna zame mana," in ji shi. "Ka horar da mutum, hannunsa ya fara faɗawa, sai ka ji ya samu biza. Ina so ka zauna ka duba min, likita nawa muke bukata baɗi, wa ke ƙoƙari, wa ke bukatar taimako. Kwantiragin Dakta Rifkatu ma zai ƙare ƙarshen watan gobe. Ni zan tafi Umara, in na dawo sai ka yi wa kwamiti bayani."

"An gama, ranka ya daɗe," na ce, tun bai rufe baki ba. (Da na bari ya rufe bakin, wataƙila da ya faɗa min abin da zai cece ni.)

Ofishina yana saman bene, da fanka mai aiki da labule mai kauri. Ɗakunan ganin likita kuwa suna ƙasa, inda ake cunkoso da kukan jarirai da warin magani. Ni kuma a ganina aikin tsari ba ya son hayaniya. Na buɗe fayil-fayil na ma'aikata, na ga likitoci huɗu ban da Baffa, kowa da ɗakinsa, na ɗaya zuwa na huɗu. Kowane ɗaki yana da ƙatuwar rajista da aka rubuta sunan likitan a bangonta, nas tana shigar da duk wanda aka duba. Na ce a raina, ai ga aiki nan an gama min shi, ƙirgawa kawai ya rage.

Na aika a kawo min rajistocin wata uku. Madam Ngozi ce ta hawo da su da kanta, mai kula da katunan marasa lafiya. 'Yar kudu ce, ta fi shekara ashirin a Bauchi, kuma babu abin da ke faruwa a asibitin nan da ba ta sani ba. Ta dire su a kan tebur tana haki, ta dafa ta sama.

"Oga, wannan na Dakta Sadik ne. Amma shi ya tafi fa."

"Ba komai, Madam. Ba shi nake nema ba, littafinsa nake nema."

"A'a Oga, ina nufin ya tafi..."

"Na ji. In ya shigo gobe ma gaisa."

Bayan la'asar ne a lokacin, na ɗauka an tashi daga aiki take nufi. Ta tsaya ta dube ni na ɗan lokaci, ta ɗaga kafaɗa, ta sauka abinta.

Kwana goma na yi ina ƙirga. Da na zuba komai a laftof, sai ga sanduna masu launi sun miƙe gwanin sha'awa. Ɗaki na ɗaya da na uku ba yabo ba fallasa. Ɗaki na huɗu, na Dakta Sadik, sandarsa ta yi sama kamar za ta fasa allon. Ɗaki na biyu kuwa, na Dakta Rifkatu, wani ɗan gutsure ne a ƙasa. Wasu ranakun ma mutum biyar ko shida kacal.

Don kar a ce ban yi bincike ba, na sauka ƙasa har sau biyu. Duka biyun na leƙa ɗaki na biyu, ba kowa, sai jakar mace a kan kujera. Na rubuta a ɗan littafina: "Ba a samun ta a wurin aiki." Ɗaki na huɗu kuma ƙofa a rufe, layi tun daga bakinta har wajen famfo. Na matsa kusa da wani tsoho mai sanda na gaishe shi.

"Baba, yaya likitan ɗakin nan?"

"Kai! Likita nan yana da kirki. Yana jin maganan mutum, ba ya fushi. Ni tun daga Dass na zo don shi."

Na rubuta wannan ma, har na ja masa layi. Ban ƙwanƙwasa ƙofar ba. Wai ba na son in katse wa gwarzo aiki.

Daga nan abin ya ƙara shiga kaina. A kwas an koya mana cewa ma'aikaci mai ƙwazo a karrama shi a gaban jama'a. Don haka ran Asabar na je wajen wani mai buga takardu kusa da Kasuwar Muda Lawal, ya tsara min takardar yabo, aka sa ta a firam mai gilashi. A sama da manyan baƙaƙe: GWARZON LIKITA NA SHEKARA. A ƙasa sunan Dakta Sadik. Ban shawarci kowa ba, so nake ya zama abin ba-zata.

Da na kai gida, matata ta juya firam ɗin ta karanta.

"Abban Hanifa, ka taɓa ganin mutumin nan kuwa?"

"Aikinsa na gani, ai ya fi fuska."

"To, Allah ya sa a dace."

Ranar Alhamis ta zo. Na sa sabuwar shadda ruwan toka da hular da ba na sawa sai ran Juma'a. Aka taru a ɗakin taro bayan azahar. Baffa ya dawo, ga dabino a faranti ana ta zagayawa da shi. Akwai 'yan kwamiti biyu, wani tsohon shugaban makaranta da wata Hajiya 'yar kasuwa, ga shugabar nas-nas, ga matasan likitoci biyu, Madam Ngozi tana can baya. Kujerar Dakta Rifkatu ba kowa. Wanda nake zaton Dakta Sadik ne ma ban gan shi ba, sai na ce a raina mai aiki irin wannan dole sai ya sallami na ƙarshe, ko kuma yana cikin mutanen da ban gama sanin fuskokinsu ba.

Na kunna majigi, na gyara murya.

Na fara da babban albishir. Na ce bisa binciken da na gudanar (haka na ce, na gudanar), asibitin nan ba ya bukatar ɗaukar sabon likita ko ɗaya. Abin da ake bukata kawai kowa ya yi koyi da ɗaki na huɗu. Na ga shugabar nas-nas ta juya ta dubi Baffa. Na ɗauka burgewa ce.

Ina cikin haka aka turo ƙofa a hankali. Wata mata ce 'yar siririya, za ta kai shekara arba'in, farar rigar aiki duk ta yamutse, leɓenta a bushe. Ta yi sallama ƙasa-ƙasa, ta ba da haƙuri, ta zauna. Dakta Rifkatu ke nan, ranar na fara ganin ta ido da ido. Kun san me na yi? Na ɗaga hannu na dubi agogona. A hankali, yadda kowa zai gani.

Sannan na danna shafi na gaba.

"Ba zan ambaci suna ba," na ce, "amma akwai ɗakin da aikinsa bai taka kara ya karya ba. Sau biyu ina zuwa da ƙafata ban samu kowa ba. Shawarata ita ce a yi nazari sosai kafin a sabunta kwantiragi."

Ban ambaci suna ba, gaskiya ne. Sai dai sunan yana nan a bango, da jan rubutu, kowane harafi ya kai tafin hannu.

Ɗakin ya yi tsit. Dakta Rifkatu ta haɗa hannuwa a kan cinya tana kallon sandunan. Ni kuwa na ga lokaci ya yi da zan sassauta zukata. Na sunkuya ƙarƙashin tebur na jawo firam ɗina, na ware jaridar da na naɗe shi da ita, na ɗaga sama.

"A ƙarshe, ina roƙon Dakta Sadik ya taso ya karɓi wannan daga hannun Baffa. Jama'a, a tafa masa!"

Na maƙale firam ɗin a hammata na fara tafi. Ni kaɗai. Ɗaya, biyu, uku, na huɗu ya fito a raunane, na biyar bai fito ba. Ɗaya daga cikin matasan likitocin, Dakta Usman, ya cusa fuska a hankici, kafaɗunsa na rawa. Hajiya ta tsaya da dabino a hannu. Baffa ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Malam," in ji shi a hankali, "Dakta Sadik wata huɗu ke nan yana Ingila."

Daga can baya muryar Madam Ngozi ta taso: "Na faɗa maka ya tafi, Oga."

Mai hankali a nan zai yi shiru ya nemi kujera. Ni ba haka na yi ba. Na nuna bango da yatsa.

"To in haka ne, wa ke duba duk mutanen nan a ɗaki na huɗu? Aljani?"

(Wallahi haka na ce. A gaban kwamiti.)

Dakta Rifkatu ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Ni ce aljanin," ta ce.

Dariyar da aka riƙe ta ɓalle. Dakta Usman har da buga tebur. Ni dai ina tsaye da firam a hammata, ina jin shaddar nan ta manne min a baya. Sai a lokacin maganar tsohon nan ta dawo min. A garin nan aka haife ni, na san sarai mutane da yawa "ya" suke ce wa mace da namiji. Maƙwabcina ma in ka tambaye shi matarsa, "ya tafi kasuwa" zai ce maka. Amma ran nan kunnena abin da yake so ya ji.

Dakta Rifkatu ba ta yi dariya ba. Da aka lafa, ta yi bayani ba tare da ɗaga murya ba. Dakta Sadik ya ɗauki hutun shekara ne, daga can ya wuce. Masu ciwon suga da hawan jini da ya saba dubawa suka ci gaba da zuwa, ba wanda zai gan su. Sai ta riƙa fara duba masu ciki a ɗakinta da sassafe, sannan ta koma nasa, don ya fi faɗi kuma yana kusa da ɗakin gwaji. Da tafiya ta yi tafiya, har nata mutanen suka riƙa bin ta can. Nas kuma rajistar da ta tarar a ɗakin take cikawa, ba wanda ya tuna ya canza sunan da ke bango.

Sannan ta juyo ta dube ni.

"Malam, ɗaki na biyu ni ce, ɗaki na huɗu ma ni ce. Wacce za ka kora, wacce za ka ba kyautar?"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ta buɗe jaka ta ciro wata ambulan mai ɗauke da takardar ajiye aiki ta ajiye gaban Baffa. Ta ce kwana tara ke nan tana yawo da ita, ta kasa miƙawa saboda tsofaffin da ke bin layi. Wani asibiti a Jos ya neme ta. Ta ce wata huɗu rabon da ta ci abincin rana a zaune, 'yarta kuma ta daina tambayar ko za ta zo ɗaukar ta daga makaranta.

"Da ina jin nauyi," in ji ta. "Yanzu an sauƙaƙa min."

Ta miƙe ta ce akwai mutum goma sha ɗaya suna jiran ta, ta fita.

A nan ne kunyar ta canza kama. Ɗazu ni ake wa dariya, abin a kaina ya tsaya. Yanzu kuwa na ga da bakina na kori likitar da ke riƙe da rabin asibiti. Baffa ya daɗe yana kallon ambulan ɗin. Ya ce shi ma da laifinsa, saƙon Sadik yana wayarsa tun tuni, ya ƙi sa a rubuta a fayil don yana sa ran yaron zai dawo, kuma ya ɗauka kowa ya sani. Hakan bai rage min komai ba.

Ban jira tashi ba na sulale. A keke na kifa firam ɗin a kan cinya, amma a wani rami ya juye. Mai keken ya hango ta madubi.

"Oga, lambar yabo aka ba ka? Kai, Allah ya sanya alheri! Daga gani kai mai ƙoƙari ne."

"Amin," na ce. Me zan ce?

A gida na zauna zan rubuta takardar ajiye aiki. Matata ta saurari labarin duka, ta yi iya ƙoƙarinta ba ta yi dariya ba sai a wajen aljani. Sannan ta rufe laftof ɗin da hannunta.

"In za ka gudu ka gudu, amma ka fara zuwa ka ba baiwar Allah nan haƙuri. Kuma da baki, ba da majigi ba."

Washegari tun ƙarfe bakwai ina bakin ɗaki na huɗu. Na shirya dogon jawabi a hanya, amma da ta iso sai duk ya gudu. Na cire hula na ce, "Dakta, na zalunce ki. Ki yafe min."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Na yafe. Amma tunda ƙirga kake so, ɗauko benci. Wata guda ya rage min a nan, ka ba ni mako ɗaya daga ciki."

Mako guda na yi a bakin ƙofar nan, in mara lafiya ya yarda in shiga in zauna a lungu, in za a duba jiki in fito. Na ga wani ya shigo sa hannu kawai yake so a takarda, minti biyu ya fita. Na ga wata tsohuwa mai ciwon suga da ba ta karatu, ta zo da magunguna kala biyar a ƙulle cikin leda ɗaya, duk ta gauraya su. Dakta ta baje su a tebur ta ware, ta zana rana a wata ambulan, ta zana wata da tauraro a ɗaya, ta sa tsohuwar ta maimaita har sau uku. Fiye da rabin awa. A rajistata, tsohuwar da mai sa hannun duk layi ɗai-ɗai ne. Na kuma gano cewa matasan likitocin nan da na ce ba yabo ba fallasa su ke kwana da marasa lafiyar da aka kwantar, kuma wannan ba ya cikin littafin da na ƙirga sam.

Na sake aikin daga farko. Na zauna da kowane likita na tambaye shi abin da ke cinye masa lokaci da abin da yake shirin yi nan da shekara biyu. Dakta Usman ya faɗa min gaskiya cewa yana son tafiya ƙaro karatu, na rubuta, don gara a sani tun da wuri. Madam Ngozi kuwa na ba ta kujera na ce ta faɗi duk abin da ta sani, kuma na yi alkawarin ba zan katse ta ba. Awa biyu ta yi.

A zama na biyu ban kunna majigi ba. Takarda ɗaya na miƙa, wadda na haɗa rajistar ɗaki na biyu da ta na huɗu a ƙarƙashin suna ɗaya. Hajiya ta duba ta ce, "Innalillahi, mutum ɗaya?" A ranar aka amince a ɗauki likitoci biyu, aka kuma ce Dakta Rifkatu ta zauna cikin masu yin intabiyu, tunda ita ta san irin hannun da ake bukata. Baffa ya tura mata ambulan ɗinta ya ce bai buɗe ba. Ta ce za ta riƙe ta tukuna ta ga ko da gaske ake.

Da gaske ake. Kafin wata biyu sababbin suka kama aiki, ɗaya ma 'yar cikin gari ce da ta gaji da zaman Legas tana son dawowa kusa da iyayenta. Dakta Rifkatu tana nan har yau, ita ce ma mataimakiyar Baffa. Na taɓa tambayar ta me ya sa ta fasa tafiya. Ta ce, "Wata huɗu ina cewa na gaji ba wanda ya ji. Sai da ka zage ni a bango kowa ya gani. Ka ga ai ka yi min rana." Ban san ko yabo ba ne, amma na karɓa.

Abin da na koya bai da yawa, kuma ba sai an yi kwas ba. Takarda tana faɗin abin da aka rubuta mata ne, in ana son sanin mutum sai an sauka bene. Sai dai ina jin na ɗan wuce gona da iri. A watan jiya mun ɗauki wani sabon likita, ran da ya fara aiki na je na tsaya a ƙofarsa ina ta kallon sa. Ya ajiye biro ya nuna min kujera.

"Bismillah, Malam. Me ke damun ka?"

"Lafiyata ƙalau, Dakta," na ce. "Na zo ne kawai in tabbatar akwai ka."